Tsummokaran da Inna Take Shanyawa

Akwai wani magidanci, ya ku mabiya wannan shafi, da duk unguwarsu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Tsaf-tsaf ake ce masa, kuma sunan ya bi jikinsa. Mutum ne da in ka cire takalmi a ƙofar falonsa ƙafa ɗaya ta ɗan karkace, ba zai iya amsa gaisuwarka da kyau ba sai ya tashi ya daidaita shi.

A wani shagon sayar da kujeru da gadaje yake aiki, shi ke zagayawa da masu saye yana nuna musu kaya. Mahaifinsa kafinta ne, amma har Allah ya yi masa rasuwa Tsaf-tsaf bai taɓa zama ya koyi sana'ar a hannunsa ba. Tun yana yaro ba ya son ƙurar katako ta taɓa masa riga.

Sai da girma ya fara kama shi sha'awar ta taso. Kullum yana ganin yadda masu gyara ke karɓar tsohon tebur su mayar da shi kamar sabo, sai ya ce a ransa ai shi ma ɗan kafinta ne, me zai gagare shi?

A gidansa akwai gareji, babu mota. Tun da ya tare a gidan, garejin ya zama wurin jibge duk abin da aka rasa inda za a kai: karyayyar fanka, tsofaffin katifu, bokitan da suka fashe. Nan ya sa ido.

Jikin garejin kuwa ɗakin mahaifiyarsa ne, Inna. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da sanda take tafiya, amma muryarta ba ta tsufa ba. In ta ƙwala masa kira, “Kai ɗan nan!”, har mai wucewa a titi sai ya waiga.

Ɗakin Inna ƙofa biyu gare shi. Ɗaya ta ƙarfe ce, tana kallon tsakar gida. Ɗaya ƙarama ce ta katako, tana buɗewa cikin gareji. Ku riƙe zancen ƙofofin nan a ranku, za mu dawo kansu.

Gaskiya ɗaya ce, in za a faɗa, Tsaf-tsaf ya yi abin yabo. Aljihunsa ba nauyi, amma kansa na ja. Ya roƙi maigidansa na shago katakan akwatunan da ake kawo kaya a ciki, ya farfasa su ya yi kantoci. Wani tsohon ƙyaure da aka yar ya ɗora a kan ƙafafu huɗu, ya zama teburin aiki. Kwalaben da matarsa ta gama amfani da su ya wanke, ya kafe murafunsu a ƙarƙashin kanta, kowace kwalba da irin ƙusar da ke cikinta. In yana son ƙusa, sai ya murɗo kwalba kawai.

Abin da ya fi ji da shi shi ne allon kayan aiki. Faffaɗan katako ne ya shafe da farin fenti ya kafa a bango, ya rataya guduma, zarto, filaya, sifana da sukudireba, sannan ya bi gefen kowanne ya zana siffarsa da baƙin fenti. Da an ɗauke abu, sai zanensa ya tsaya fayau yana neman mai shi.

Duk wanda ya leƙo sai ya riƙe baki. To, daga nan ne kan mutumin naku ya fara kumbura.

Inna ta fi kowa murna. Ta sa aka jawo mata akwatin kayan aikin marigayi mijinta daga ƙarƙashin gado, ta ce, “Ga shi, ɗan nan. Na babanka ne. Dama jiran ranar nan nake yi.”

Tsaf-tsaf ya zazzage akwatin ya tsince masu kyan gani. A can ƙasa ya tarar da wata doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, irin wadda ake ɓanɓare katako da cire ƙusa da ita. Ta yi tsatsa, ta yi baƙi, ga ta a ɗan karkace. Ya gwada ta a allo ta tsaye, ta yi tsawo. Ya gwada ta a kwance, ta ɓata masa layi. Sai ya fita da ita ya jefa kan tarkacen da za a kwashe.

Maƙwabcinsa, wani direban motar haya da kowa ke kira Direba, yana tsaye a bakin ƙofarsa ya gani.

“Maƙwabci, wannan ƙarfen fa? Zubarwa za ka yi?”

“Ba shi da wuri a allona,” in ji Tsaf-tsaf.

“To ni yana da wuri a ƙarƙashin kujerar motata,” Direba ya ce yana dariya, ya ɗauke abinsa.

Inna tana kallo ta taga. Ta daɗe ba ta saki labulen ba.

Ba a jima ba Direban nan ya shigo neman aron sifana, wani noti ya kwance masa ga fasinja na jira. Tsaf-tsaf ya dubi allo, ya dubi hannun Direba da ya yi baƙi da man inji.

“Ka yi haƙuri, kayan nan ba sa fita. In na fara ba da aro, gobe zane kawai zan tarar a bango.”

“Ko na minti kaɗan? Ga motar can kana hango ta.”

“Doka ce na kafa wa kaina.”

Direba ya yi murmushin yaƙe ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya. Washegari Tsaf-tsaf ya sayo ƙaton kwaɗo ya sa wa ƙofar garejin, makullin kuma ya ɗaura a ƙugunsa. Ko matarsa in tana son ƙusa ɗaya ta rataya madubi, sai ta jira ya dawo.

Saura ƙaramar ƙofar nan ta katako. Inna ta mayar da bakinta wurin zama. Da ta ji motsinsa sai ta buɗe, ta jawo kujerarta, ta miƙe ƙafa tana kallonsa yana aiki. Kuma ba ta iya kallo shiru.

“Ba haka babanka yake riƙe zarto ba.”

“Kai ɗan nan, ka bi jijiyar katakon mana, kana goge shi a gicciye.”

Abin ya riƙa ci masa rai. Ga shi kuma dama yana neman bangon da zai kafa wata doguwar kanta. Rannan da Inna ta shiga wanka, ya rufe ƙofar, ya jingina kantar a jikinta tun daga ƙasa har sama, ya ɗaure ta da bango da manyan ƙusoshi.

Matarsa ta fito daga kicin ta gani.

“Baban yara, ƙofar Inna ka toshe?”

“Tana da wata ai.”

“Waccan hannunta ya lalace, ka sani. Ba ta tsayawa a rufe sai Inna ta zura sakata ta ciki. In ta yi barcin rana kana gareji, ta nan nake shiga in duba ta.”

“Zan gyara hannun ƙofar.”

“Yaushe?”

“Madam, na ce zan gyara. Mai kayan aiki jere a bango ake tuna wa gyaran hannun ƙofa?”

Bai gyara ba, jama'a. Kullum sai ya ce gobe. Ga sukudireba iri-iri a allo, kowace da zanenta, amma ƙofar uwarsa sai da sakata take rufuwa.

Aiki ya fara shigowa. Wannan ya kawo kujera, wancan ya kawo ƙaramin tebur. Tsaf-tsaf zai goge da samfefa, sannan ya shafa wani mai da ake shafa wa katako ya sha ya yi sheƙi. Na gwangwani mai rubutu a jiki ya yi masa tsada, don haka na awo yake saye, a zuba masa a tsohuwar jarka wadda ba ko harafi ɗaya a jikinta. Da tsofaffin riguna da ya yayyanka yake shafawa.

Kullum in ya tashi aiki sai ya tara tsummokaran a bakin ƙofar gareji kafin ya san yadda zai yi da su. Kafin ya fito daga wanka, sai ya tarar Inna ta lallaɓo da sandarta ta kwashe su, ta warware kowanne, ta shanya su ɗai-ɗai a igiyar tsakar gida. Har tazara take bari tsakaninsu.

Ran da wani abokin aikinsa ya zo ganin garejin, abin da ya fara cin karo da shi ke nan: tsummokara masu maiƙo suna reto a igiya. Ya yi dariya ya ce, “A'a, Tsaf-tsaf, wankin wa aka yi haka?”

Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baƙon na fita ya nufi Inna.

“Inna, don Allah wannan shanyar ta mece ce? Tsumma ne fa na zubarwa.”

“Haka babanka yake yi,” in ji ta. “Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya bar tsumman mai a dunƙule ba. Ko ruwa ake yi sai ya baza su a baranda. In ya manta, ko ya kwanta sai ya tashi.”

“Saboda me?”

Inna ta girgiza kai. “Wallahi ban taɓa tambayarsa ba. Na dai ga yana yi, ni ma na riƙa taya shi.”

Tsaf-tsaf ya yi dariya har da tafa hannu. “Kin gani ko? Abu ba dalili. Shi bai faɗa ba, ke ba ki tambaya ba, ni kuma in gada. Zamanin nan komai da tsari ake yin sa, Inna.”

A ranar ya ƙera akwati. Ya yi kyau, ba ƙarya: na katako, da murfi mai maƙalewa, ya rubuta TSUMMA a gabansa da baƙin fenti. Ya nema masa wuri a ƙasan doguwar kantar nan, daidai jikin ƙofar da ya toshe. Ya shiga wurin cif, kamar don shi aka bar gurbin. A samansa jarkar mai ce da gwangwanayen fenti, a gefensa buhun garin katako da yake tarawa.

Daga ranar igiyar tsakar gida ta koma ta kayan wanki kawai. Tsaf-tsaf ya samu yadda yake so.

Akwai wata kyanwa a gidan da ba ta da aiki sai neman wuri mai ɗumi. Sai ga shi ta ƙaurace wa bayan firji, ta koma kwana a kan murfin akwatin nan. Da ya buɗe gareji za ta shige, ta haye, ta naɗe. In ya kore ta, ta dawo.

Wata rana ya ɗaga ta, ya dafa murfin, ya ji shi da ɗumi. Ya ce a ransa jikin kyanwar ne. Bai tsaya ya tambayi kansa ba ko kyanwar ce ta kawo ɗumin, ko ɗumin ne ya kawo kyanwar.

Inna kuma ta fara ƙorafi.

“Ɗan nan, wani wari nake ji ta ƙarƙashin ƙofar nan. Kamar an bar mai a wuta.”

“Warin fenti ne, Inna.”

“Na san warin fenti tun ba a haife ka ba. Wannan daban ne.”

Ya shiga ya shinshina sama-sama, ya duba wayoyin lantarki, ya ga komai lafiya. Babu murhu a garejin, babu ashana, shi ba ya shan taba. Wuta daga ina? Ya ce wa matarsa tsufa ne, hancin Inna ya fara yi mata gizo. Matar ba ta yi dariya ba.

Lokacin tsummokaran ba su da yawa, kuma yakan juye akwatin in mai kwasar shara ya zo. Abin da ya riƙa rufa masa asiri ke nan bai sani ba.

Sai babban aiki ya zo. Wani mai hali ya aiko da dogon teburin cin abinci da kujerunsa, ya ce in ya ga da kyau akwai sauran kayan gida gaba ɗaya. Tsaf-tsaf ya ɗauki abin da zafi. Ranar hutunsa ya tashi da sassafe ya hau shafa mai, ya shafa ya goge, ya sake shafawa. Tsumma na jiƙewa ya jefar ya ɗauki wani. Rana ta take, irin zafin nan da ko tsuntsu ba ka jin kukansa, kwanon rufin garejin har ƙara yake yi.

Da ya gama, tsummokara sun yi tsibi. Ya kwashe ya cusa a akwati, murfi ya ƙi rufuwa. Ya sa ƙafa ya danna su, ya sake dannawa, sai da murfin ya ce ƙaras. Ya share ƙasa, ya mayar da kowane ƙarfe kan zanensa, ya ja baya ya ɗauki hoto da waya.

Kyanwar ta shigo, ta nufi akwatin yadda ta saba. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta janye. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juya ta fice da sauri. Tsaf-tsaf ya ce, “Yau kin yi hankali,” ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

A tsakar gida ya tarar da Inna tsaye, ta dogara da sanda, ga alama ta daɗe tana jiransa a cikin ranar nan.

“Ɗan nan, yau ka yi aiki da yawa. Ba ni tsummokaran in shanya maka a bayan ɗaki, inda baƙo ba zai gani ba.”

“Na adana su.”

“Raina bai kwanta ba. Ka ba ni dai, ba wahalarka ba ce, tawa ce.”

Ga gajiya, ga yunwa, ga zafi. Sai bakinsa ya kuɓuce.

“Haba Inna! Wai ba za a huta ba? Tsumma, tsumma, wari, wari! Duk gidan nan muryarki kawai ake ji. Don Allah ki yi shiru ko na yini ɗaya ne, mu samu sararin kunne!”

Matarsa da ke bakin kicin ta saki ludayi. Inna ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ba fushi a fuskarta, abin da ke wurin ya fi fushi ciwo.

“To,” ta ce a hankali. “Na yi shiru.”

Ta juya tana jan ƙafa ta shiga ɗaki. Ƙofar ƙarfen ta ƙi tsayawa kamar kullum, sai suka ji ƙarar sakata.

Zuciyarsa ta ɗan sosu, ya ce in ta huce da yamma zai ba ta haƙuri. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya miƙe a doguwar kujerar falo yana tura wa abokai hoton teburin. Yara sun tafi gidan ƙanwarsa, gidan tsit. Barci ya fara fizgarsa.

Kukan kyanwa ne ya fara damunsa. Tana tsakar gida tana wani irin kuka mai tsawo, ba irin na yunwa ba. Ya juya ya gyara kwanciya.

Sai ya ji matarsa ta ce, “Baban yara.” Ba da ƙarfi ba. Yadda ta faɗa ne ya sa ya tashi zaune.

“Ba ka jin ƙauri?”

Ya fito ba takalmi. Ta ƙarƙashin ƙofar gareji wani baƙin hayaƙi ke fitowa, siriri, yana bin ƙasa. Ta saman rufi kuma ya riga ya yi kauri.

Ya kwanto makulli da sauri. Kwaɗon ya yi zafi har ya ƙona masa yatsu. Yana jan ƙofar, iska ta shiga, wutar da ke ciki ta yi wani irin gurnani ta miƙe tsaye. Zafin ya buge shi ya faɗi da baya.

Daga inda yake a ƙasa ya ga komai. Akwatin tsumma babu shi, sai jan garwashi. Doguwar kantar ta kama tun daga ƙasa har sama, jarkar mai ta narke tana zubo da wuta. Bayan kantar kuwa ƙofar katakon Inna ce ke ci.

“Inna!” matarsa ta ƙwala. “Inna tana ciki!”

Ya ruga ƙofar ƙarfen ya tura. Sakata. Ya buga da hannu biyu yana kiranta, ba amsa. Ya zagaya taga, ga ƙarafunan tsaro a jiki. Ya fasa gilashin da gwiwar hannu, hayaƙi ya bugo masa fuska. Ta cikin duhun ya hango ta a ƙasa, tsakanin gado da ƙofa, hannunta a miƙe wajen sakatar da ba ta kai gare ta ba.

Ya koma ya haɗa kafaɗa da ƙofar. Ya ja baya ya sake. Ƙofar ƙarfe ce, ko gezau.

Guduma! Ya juya da gudu wajen gareji, wuta ta tare shi a bakin ƙofa. Can a bangon ciki, ta tsakanin harsunan wuta, yana hango allonsa. Ga guduma, ga kurfin sassaƙa, ga zarton ƙarfe, kowanne zaune a kan zanensa, tsaf. Duk abin da zai ceci uwarsa yana wurin, a jere, kuma ko ɗaya ba zai iya taɓawa ba. A duk sauran gidan babu ko tsinken ƙarfe, don shi da kansa ya tattare komai ya kulle.

Nan ya fasa ihu irin na wanda hankalinsa ya gushe. Maƙwabta suka fara shigowa da bokitai, wani na kiran 'yan kwana-kwana a waya, wasu na dukan ƙofar da dutse. Dutse na farfashewa, ƙofa na nan.

Sai ga Direba ya kutso cikin mutane, ko riga babu a jikinsa. A hannunsa doguwar sandar ƙarfen nan ce, baƙa, mai tsatsa, a karkace.

“Ku matsa!”

Ya cusa lanƙwasasshen bakin a tsakanin ƙofa da bango, daidai saitin sakata. Ya danna, ƙofa ta yi ƙara amma ba ta saki ba.

“Maƙwabci, kama nan! Tare!”

Tsaf-tsaf ya kama. Hannunsa ya sauka daidai inda ƙarfen ya yi santsi saboda shekarun da hannun babansa ya yi yana riƙe shi. Suka danna da dukkan ƙarfinsu. Sakatar ta tsinke, ƙofa ta wangale, hayaƙi ya yo waje kamar an buɗe bakin tanda.

Ya shiga da rarrafe, ido a rufe, yana lalube. Ya ci karo da sandarta tukuna, sannan ƙafarta. Ya jawo ta, ya sungume ta. Bai taɓa sanin Inna ba ta da nauyi haka ba.

A motar Direba aka kai ta asibiti. Tsaf-tsaf na baya rungume da ita, yana ta cewa, “Inna, yi magana. Don Allah ki yi magana.” Ba ta yi ba.

Da ya dawo gida ɗaukar mata kaya, an riga an kashe wutar. Gareji ya zama baƙin rami, rabin rufin ɗakin Inna ya rufta. Wani jami'in kwana-kwana yana tona toka da ƙafar takalminsa, ya tambaye shi me ke ajiye a wannan lungun.

“Tsummokara ne kawai. Na man katako. A rufe suke, babu abin da ya taɓa su.”

Jami'in ya girgiza kai. “Ba sai an taɓa su ba. Irin man nan in yana bushewa zafi yake fitarwa. In tsumman a baje yake, iska ta kwashe zafin, shi ke nan. In ka dunƙule su wuri guda, zafin ya rasa hanyar fita, sai ya yi ta taruwa har su kama da kansu. Shanya su ake yi ɗai-ɗai. Ba wanda ya taɓa gaya maka?”

Tsaf-tsaf ya juya ya dubi igiyar tsakar gida. Ya zauna a cikin ruwan toka.

“An gaya mini,” ya ce.

Inna ta rayu, Allah ya yi da sauran kwana. Amma likita ya kira shi gefe ya ce zafin hayaƙin ya ƙona mata maƙogwaro sosai. Numfashi zai daidaita a hankali. Murya kuwa, kada ya sa rai.

Ran da ta buɗe ido sosai, yana zaune a gefen gadon, hannayensa naɗe da bandeji. Ya ga leɓenta na motsi, bai ji komai ba. Ya matso, bai ji ba. Sai da ya durƙusa a ƙasa ya kai kunnensa daidai bakinta, sannan ya tsinci abin da take faɗa, kamar iska na shafar takarda.

“Ɗan nan... kayan aikinka... duk sun ƙone? Sannu. Ka sha wahala a kansu.”

Ya kifa kansa a gefen katifar ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Yana so ya ce ta yafe masa, kalmar ta ƙi fita. Ita kuwa ta ɗora hannu a kansa tana shafawa.

Ya sake gina garejin daga baya, kaɗan-kaɗan, yadda ya fara. Kafin ya kafa ko kanta ɗaya, hannun ƙofar Inna ya fara gyarawa. Ƙaramar ƙofar katako ya sa sabuwa, ya bar ta a buɗe, ya ajiye kujera a bakinta. Direba ya dawo masa da sandar ƙarfen, ya ce gidanta ke nan. Tsaf-tsaf bai zana mata siffa ba. Ƙusa ɗaya ya buga a waje, a tsakar gida, ya rataye ta inda kowa zai iya miƙa hannu ya ɗauka.

Yanzu in ya tashi aiki, shi da kansa yake warware tsummokara ya shanya su ɗai-ɗai, da tazara a tsakani, ko da wane irin baƙo ne a gidan. Inna na zaune tana kallo. In ta ga ya riƙe zarto ba daidai ba, sai ta buga sandarta a ƙasa, shi kuma ya ajiye komai ya zo ya durƙusa ya kai kunne.

Gidan ya yi shirun da ya roƙa. Matarsa ta ce wani lokaci in ya dawo daga shago yakan tsaya a bakin ƙofar gida, makulli a hannu, ya daɗe bai shiga ba. Jira yake ko zai ji an ƙwala, “Kai ɗan nan!”

Har yau bai sake ji ba.

Darasi: Ba duk abin da babba ya kasa yi maka bayaninsa ne ba shi da dalili. Wani abin da kake gani tsohon yayi ne, shi ke tsare da ranka ba ka sani ba, don haka ka bincika kafin ka raina. Tsari abu ne mai kyau, amma tsarin da ya toshe ƙofar uwa ya kulle wa maƙwabci guduma, girman kai ne aka yi wa fenti. In kana da tsoho a gida da har yanzu kake jin muryarsa, ka saurare shi yau. In kuma kana aiki da man katako, kada ka taɓa tara tsumman a dunƙule. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da masu sana'ar hannu, wataƙila akwai gidan da irin akwatin nan ke ɗumi yanzu haka.